YADDA A KE KOYA WA KARE YA TAFI WURINSA YA KWANTA

Wata rana da damina, da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, sai ga kawuna ya iso gidana daga ƙauye, yana sanye da farar riga wadda ta sha bugu, zai wuce wurin ɗaurin aure cikin gari. Ya yi sallama a zaure. Kafin in amsa, karena, wani baƙi da yara suka sa wa suna Duna, ya riga ni isa. Bai cije shi ba, ko gurnani bai yi masa ba. Murna ce kurum ta ɗebe shi, ya miƙe tsaye, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a ƙirjin dattijon, ya bar masa tambarin taɓo biyu a kan aikin aska. Kawu ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Kai ne a ke cewa kana koya wa malamai yadda za su bi da yara, ashe kare ɗaya ya gagare ka?" Ban sami ta cewa ba sai, "Kawu, a gafarce ni." Ko ruwa bai tsaya ya sha ba, kuma aka yi wata shida bai sake taka ƙofar gidana ba.

A ran nan na yi abin da yawancinmu mu kan yi. Na aika kasuwa aka sayo sarƙa, na ɗaure Duna a gindin darbejiya, na ce na huta. Ashe ban huta ba. Ya shiga haushi dare da rana har maƙwabta suka fara ƙorafi, ya tone gindin itacen, sarƙa ta ci masa wuya. Kafin wata uku, karen da a dā ba ya yi wa kowa gurnani, sai ga shi yana zabura yana nuna haƙora in yaro ya gitta ta kusa da shi. Sa'an nan ne na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga cewa tun da aka kawo shi yana ɗan kwikwiyo na gaya masa "kai", da "bari", da "fita" sun fi sau dubu, amma ko sau ɗaya ban taɓa nuna masa abin da ni ke so ya yi in baƙo ya yi sallama ba.

To, jama'a, abin da na ke so in yi bayani a kai yau ke nan, watau yadda mutum zai ba karensa wuri guda a cikin gida, ya koya masa cewa in an ce ya tafi can, ya tafi, ya kwanta, ya natsu, har a sallame shi. Duk mai kare a gari yana bukatar wannan, gama a ƙasarmu baƙi da yawa ba su son kare ya raɓe su, balle ya taɓa tufafinsu, ga kuma yara masu talla da 'yan aike da ke shiga gidaje ko yaushe.

SARƘA BA TA KOYAR DA KOME

Kare ɗaurarre yana ganin mutum na nufo shi, ba shi da hanyar kaucewa, don haka abin da ya rage masa shi ne haushi da haƙori. A shekarar 1994 waɗansu masana sun buga binciken da suka yi a birnin Denver na Amurka, inda suka gwada karnukan da suka taɓa cizon mutum da waɗanda ba su taɓa ba, 'yan unguwa ɗaya. Suka tarar ɗaure kare da sarƙa a tsakar gida yana cikin abubuwan da suka fi yawa a wajen masu cizon, kuma yara ƙanana su ne suka fi shan wahalar. Wannan bai nuna sarƙa ita kaɗai ke jawo cizo ba, tun da wani karen don ya riga ya yi faɗa ne aka ɗaure shi. Amma ya isa ya nuna mana ɗauri bai gyara halin kowa ba.

Sanda ma haka. A shekarar 2020 masana na jami'ar Porto a ƙasar Fotugal suka duba karnuka 92 daga makarantun horon kare guda 7. Waɗanda a ke horarwa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun firgita a lokacin darasi, kuma da aka auna yawunsu bayan an tashi, aka sami sinadarin nan da jiki ke fitarwa in ana cikin damuwa ya ƙaru, fiye da na waɗanda a ke horarwa da lada. To, mu kuwa natsuwa mu ke nema. Ta yaya za a firgita dabba sa'an nan a ce ta natsu?

INDA DABARAR TA SAMO ASALI

Mutum uku ya kamata mai karatu ya sani, don kowannensu ya bar mana ƙa'ida guda da za mu yi aiki da ita a tsakar gida.

Na fari shi ne Ivan Pavlov, mutumin Rasha, wanda aka ba kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan yadda ciki ke narkar da abinci. Yana cikin wannan aiki ya lura karnukansa su kan fara dalalar da yawu tun ba a kawo abincin ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Ya bi diddigi, ya tabbatar cewa duk wata ƙara ko alama da ta saba zuwa gab da abinci, a kwana a tashi ita kanta sai ta zama albishir a wurin kare.

Na biyu Edward Thorndike, Ba'amurke, wanda ya ƙare yawancin rayuwarsa yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta jami'ar Columbia a New York. A 1898 ya ba da labarin yadda ya riƙa sa kyanwa mai jin yunwa cikin akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje. Da fari sai ta yi ta yaƙushi da fafutuka har ta taɓa sakatar bisa kuskure, ƙofa ta buɗe. Da aka yi ta maimaitawa, sai fafutukar ta ragu, har ta kai da an sa ta sai ta nufi sakatar. Ya ce duk aikin da jin daɗi ya biyo bayansa, za a sake shi. A 1932 ya ƙara da cewa gwaje-gwajensa sun nuna masa horo ba ya kankare hali kamar yadda lada ke dasa shi.

Na uku B. F. Skinner, shi ma Ba'amurke. A 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, yana aiki da tantabaru a saman benen wani injin niƙan alkama a birnin Minneapolis, shi da abokan aikinsa suka so su koya wa wata tantabara ta buga 'yar ƙwallon katako da baki. Suka zauna jiran ta buga don su ba ta hatsi, suka gaji ba ta buga ba. Sai suka sake shawara, suka fara ba ta hatsi don ta dubi ƙwallon kurum, sa'an nan don ta matsa kusa, sa'an nan don ta taɓa. Cikin 'yan mintoci sai ga ta tana dukan ƙwallo tana bin ta. A 1951 ya rubuta wa jama'a bayanin yadda za su gwada wannan a gida da karnukansu, ya gargaɗe su cewa in lada ya makara ko da daƙiƙa ɗaya, yawancin amfaninsa ya zube, don haka a nemi wata 'yar ƙara da za a yi a daidai lokacin da dabba ta yi abin kirki.

Ga su nan uku: alama ta zama albishir, lada ya dasa hali, a tafi mataki mataki kuma kada lada ya makara. In kana so ka ga iyakar abin da a ke iya koya wa kare na natsuwa, dubi karnukan ja-gorar makafi, waɗanda aka buɗe makarantarsu ta fari a Oldenburg ta Jamus a 1916 saboda sojojin da suka makance a yaƙi. Irin wannan kare ya kan shiga mota ko ɗakin cin abinci da ubangidansa, ya kwanta ƙarƙashin kujera sa'a guda ko biyu, na kusa ma bai san da shi ba. Ba haka aka haife shi ba, koya masa aka yi.

SHIRI KAFIN A FARA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira sai baƙo yana bakin ƙofa sa'an nan ka ce za ka fara darasi.

Ka nemi shimfiɗa wadda kare zai iya miƙewa a kanta duka, kamar buhun algarara, ko guntuwar tabarma, ko faffaɗan katako. Amfaninta shi ne tana da iyaka wadda ido ke gani, ƙafa ke ji, kuma ana iya ɗauke ta a kai wani wuri. Ka ajiye ta inda inuwa ba ta gushewa, da kaskon ruwa kusa, don kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke sanyaya jikinsa, in ka kwantar da shi a rana da bazara lalle zai tashi, kuma gaskiyarsa ce. Wurin ya zama yana hango mutanen gida, amma ban da kan hanya, ban da bakin zaure, ban da kusa da murhu.

Sai lada. Ka yanka dafaffen nama, ko hanta, ko huhu, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada ka ba shi kilishi ko tsire mai yaji da albasa, gama albasa tana ɓata jinin kare. Goro da cakulan da inabi su ma guba ne a gare shi, dafaffen ƙashi kuwa ya kan tsage ya soke hanji. Abin da ka ba shi a darasi ka rage daga abincinsa na yini, kuma ka yi darasin kafin ya ci, ba bayan ya ƙoshi ba.

Daga nan sai kalmomi uku, waɗanda duk mutanen gida za su yarda da su, kada kowa ya sake su. Ni na zaɓi "Yawwa" ta zama ƙarar albishir, "Wuri" ta zama umurnin tafiya, "Tashi" ta zama sallama. Darasi kuwa kada ya wuce minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a yini. Ɗan kwikwiyo mai mako 8 yana iya farawa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma tsohon kare ma yana koyo, sai dai ya fi cin lokaci. Duna yana da shekara biyu muka fara.

MATAKI NA FARI: YAWWA TA SAMI MA'ANA

Ka tsaya da karenka a wurin da ba hayaniya. Ka ce "Yawwa", nan take ka ba shi ƙwaya ɗaya. Ka ɗan dakata, ka sake, har kamar sau 15 ko 20. Ba ka neman ya yi kome. In ka kai inda da ka ce "Yawwa" sai ya ɗaga kunne ya dube ka, to, aikin Pavlov ya kammala. Daga yau wannan kalma alkawari ce, duk sa'ad da ka faɗe ta tilas lada ya biyo, ko da bisa kuskure ka faɗa.

MATAKI NA BIYU: SHI DA KANSA YA GANO SHIMFIƊAR

Ka shimfiɗa buhun a gabansa, ka tsaya kusa, ka yi shiru. Kare mai son bincike ne, zai dube shi ko ya shinshina. Da ya duba, ka ce "Yawwa", ka ajiye naman a kan buhun, ba a bakinsa ba, don ya san albarkar a nan ta ke. In ya cinye, ka jefa wata ƙwaya can gefe, taki biyu ko uku, don ya sauka ya sami damar komowa da ƙafarsa. Bayan ya yi haka sau biyar ko shida, ka daina biyan kallo, sai ya taka da ƙafa ɗaya. In wannan ya zauna, sai ƙafa biyu, sa'an nan huɗu.

A nan ne mutane su kan gaza, hannu ya yi ta ƙaiƙayi a kama wuyan kare a ja shi a ɗora. Kada ka yi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san bambancin yaron da aka gaya wa amsa da wanda aka bari ya gano ta. Karen da aka ja, abin da ya koya shi ne hannunka abin gudu ne.

MATAKI NA UKU: KWANCIYA

In ya saba hawa da ƙafa huɗu, ka riƙe nama a hannu, ka kai kusa da hancinsa, ka sauke a hankali har ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba. Zai bi da kai, gwiwoyinsa su sauka. Da ƙirjinsa ya taɓa buhu, "Yawwa", ka ba shi ƙwaya uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan lokuta ka yi wannan alama da hannu wofi, lada ya fito daga aljihu bayan ya kwanta. In ka daɗe kana nuna masa nama kafin ya yi aiki, ka koya masa ciniki, ran da bai ga kome a hannunka ba ba zai motsa ba.

MATAKI NA HUƊU: A SA WA AIKIN SUNA

Sai yanzu kalmar "Wuri" za ta shigo, bayan ka ga cikin gwaji goma yana zuwa ya kwanta sau takwas ko tara. Dalili kuwa, kalma ba ta da ma'ana a kunnen kare sai an jingina ta ga aikin da ya riga ya iya. Yana shirin nufar buhu, ka ce "Wuri", sau ɗaya tak, da murya ta yau da kullum, ka nuna da hannu. In bai je ba, kada ka nanata, kada ka ɗaga murya. Ka matsa kusa da buhun, ka sauƙaƙa masa, ka sake. Wanda ya saba cewa "wuri, wuri, wuri, na ce wuri!" ya koya wa karensa cewa ukun fari ba su da muhimmanci.

Tare da wannan ka koya masa sallama. Bayan ya kwanta ya karɓi ladansa, ka ce "Tashi", ka jefa ƙwaya gefe. Ko yaushe ka aike shi wurinsa, kai ne za ka sallame shi. In ka manta da shi har ya gaji ya tashi don kansa, ka nuna masa cewa shi ke yanke lokacin.

MATAKI NA BIYAR: DAƊEWA, NISA, DA ABIN ƊAUKE HANKALI

Waɗannan uku su ne jikin aikin, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: kada ka ƙara biyu a lokaci guda.

Ka fara da daɗewa. Yana kwance kana tsaye kusa, ka ƙirga biyu a zuci, ka ba shi. Sa'an nan biyar, sa'an nan uku, sa'an nan takwas, sa'an nan goma. Ka riƙa cuɗa mai tsawo da gajere, don kada ya gane kullum abin ƙara wuya ya ke yi. In ya kai minti ɗaya, ka jawo kujera ka zauna kusa da shi kana karatu ko sauraron rediyo, lokaci lokaci ka sauke masa ƙwaya.

Sa'an nan nisa. Ka ja da baya taki ɗaya, ka komo nan da nan, ka ba shi a kan buhu. Taki biyu, taki uku, ka juya masa baya, ka shiga ɗaki ka fito. Kullum kai za ka komo wurinsa da lada, kada ka kira shi ya zo ya karɓa, in ba haka ba tashin ka ke biya.

Daga ƙarshe abin ɗauke hankali. Wata likitar dabbobi ta Amurka, Karen Overall, ta tsara darasin kwana 15 a littafinta na 1997 saboda karnuka marasa natsuwa, inda mai kare zai riƙa yin ƙananan abubuwa a gabansa, kamar tafi, da sassarfa, da taɓa ƙofa, da ƙwanƙwasawa, da yin kamar yana gaisawa da wani, yana biyan kare a kan ko wane ɗaya in ya zauna lafiya. Kai ma ka jera naka bisa ga abin da ke gidanka: shara, daka, kaji na wucewa, yaro da ƙwallo, ƙarar babur. Ka fara da mai sauƙi, daga nesa.

In ya tashi kafin a sallame shi, ba faɗa. Ka mai da shi cikin ruwan sanyi, ka koma matakin da ya iya. In ya tashi sau biyu a jere, laifin na malami ne, ya yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

KWANCIYA DABAM, NATSUWA DABAM

Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ban gane ba. Bayan mako biyu Duna yana zuwa wurinsa da gudu ya kwanta, amma kwanciyar soja a bakin daga, ƙirji a ƙasa, kunnuwa a tsaye, idanu a kan aljihuna, jikinsa har rawa ya ke yi. Umurni ya bi, amma zuciyarsa a tsaye ta ke, ƙiris ya ke jira ya zabura.

Maganin wannan shi ne ka sake abin da ka ke biya. Ka daina biyansa sa'ad da ya ƙura maka ido. Ka zauna shiru, ka saki jikinka, ka dube shi ta wutsiyar ido. Alamun natsuwa sanannu ne: ya karkata ƙugunsa gefe guda, ya ɗora haɓa a kan ƙafa ko a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, idanunsa su fara lumshewa. Da ka ga ɗaya daga ciki, ka sauke masa ƙwaya a hankali tsakanin ƙafafunsa, ba magana, ba shafa mai ƙarfi. A wannan mataki ko "Yawwa" ɗin ma ka bar ta, ko ka faɗe ta ƙasa ƙasa, don tana tsuma shi. Zai ɗaga kai ya ci, ya sake kallonka, ka ƙyale shi, har ya gane cewa sakin jiki ne ke kawo rabo. Yana taimakawa ƙwarai ka yi wannan darasi bayan ya yi yawo ya gaji, gama karen da ya wuni a tsare bai motsa jini ba, ba dabarar da za ta kwantar da shi. Ran da Duna ya yi barci a kan buhunsa ina zaune ina duba takardu, ran nan na san mun iso.

RANAR SALLAMA

Yanzu sai abin da aka yi dukan wahalar dominsa. Ka sa ɗanka ya fita ya yi sallama a zaure. Kare zai yi haushi, ka bar shi ya yi sau ɗaya ko biyu, wannan aikinsa ne. Sa'an nan ka ce "Wuri", ka raka shi, ka biya shi da kyau. Ku maimaita har sallamar kanta ta zama alamar tafiya buhu. Bayan ɗanka, sai maƙwabcin da kare ya sani, sa'an nan wanda bai sani ba. A kwanakin fari ka bar doguwar igiya a wuyansa, wani babba ya riƙe, kuma ka roƙi baƙon kada ya dube shi, kada ya yi masa magana.

Ka kuma riƙa ɗaukar buhun kana sake masa wuri, yau tsakar gida, gobe gindin itace, jibi gidan ɗan'uwanka. Kare ba ya ɗaukar karatun wani wuri ya kai wani wuri don kansa, a sabon wuri sai ka ɗan koma baya ka tuna masa. In abu ya zauna, ka rage nama sannu a hankali, wani lokaci yabo, wani lokaci ƙwaya, amma kada ka yanke shi ɗungum.

Waɗansu su kan tambaye ni ko wannan ba zai kashe wa kare zuciyar gadi ba. Ba ya kashewa. Duna yana nan yana sintiri da dare, yana haushi in ya ji motsi a bayan katanga. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu in na ce ya isa, ya isa.

GARGAƊI

Wurin kare kada ya zama kurkuku. In ya yi ɓarna ka kora shi can da tsawa, ka rushe abin da ka gina. Ka kuma kafa wa yara doka cewa in yana kan shimfiɗarsa ba mai taɓa shi, ba mai hawansa, ba mai jan wutsiyarsa, don ya san yana da inda zai fake in hayaniya ta dame shi. Kome horonsa, kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai.

Karen da ya riga ya ciji mutum, ko wanda halinsa ya sake farat ɗaya, wurin likitan dabbobi za a fara kai shi, don sau da yawa ciwo ne. Horo kuma ba ya maye gurbin allurar riga-kafin haukan kare, wadda a ke fara yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga alama.

Mu koma ga kawu. Mun yi kamar mako bakwai ni da Duna muna wannan aiki, minti biyar da safe, minti biyar da la'asar, sa'an nan na kwance sarƙar na rataye ta a rumbu. Da kaka, da aka yi mini haihuwa, tilas kawu ya zo suna. Ya yi sallama daga nesa, yana tattare rigarsa da hannu biyu. Duna ya yi haushi sau biyu, na ce "Wuri", ya juya ya nufi buhunsa a gindin darbejiyar nan da a dā a ke ɗaure shi, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafa. Kawu ya shigo, ya zauna, aka kawo fura ya sha, yana yi yana waiwayen karen. Can ya ce, "Wane malami ya yi maka rubutu ka ba shi?" Na ce, "Kawu, ba rubutu, huhun saniya ne da haƙuri." Ya yi dariya ya ce in ya koma zai gwada a kan nasa, wanda ya hana kajin gidan sakat.

Wanda duk ya gwada wannan hanya, in ya gamu da wata matsala, ya rubuto wa Edita, za mu amsa a wannan shafi gwargwadon iko. Allah ya ba mu haƙuri da abin da ya sa a hannunmu, amin.